Harar da Hukuncin Gahawa

Harar birni ne a kan tsaunukan gabashin Habasha, tudunsa ya kusa mita 1,900. Sarki Nur ɗan Mujahid ne ya kewaye shi da ganuwar Jugol a ƙarni na 16, kuma a cikinta akwai masallatai 82 da hubbaren waliyyai 102, bisa ƙidayar hukumar UNESCO wadda ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Gahawar yankin ta yi suna. Baƙo in ya sauka, a gabansa za a soya ta, a daka, a dafa, turaren wuta na tashi, babu mai tambayar ko halal ce.

Da can kuwa an yi tambayar. Sufayen Yaman ne suka yaɗa shanta a ƙarni na 15, don korar barci a daren zikiri. A 1511 Kha'ir Beg, wakilin daular Mamluk a Makka, ya tara malamai da likitoci aka haramta ta. Aka ce tana juya hankali, sannan zaman shanta, inda ake zagayawa da ƙoƙo hannu zuwa hannu, ya yi kama da na mashaya.

Haramcin bai yi ƙarko ba. Masu halattawa suka riƙe ƙa'idar cewa asalin abubuwa halal ne sai nassi ya hana, kuma dalilin haramta giya maye ne, ita kuwa gahawa wartsakarwa take yi. Hujjar zaman shanta ta fi nauyi, amma laifin da take nunawa na mazauna ne, ba na abin da ke cikin ƙoƙon ba. Masu hanawa sun haɗa biyun, nan ne suka yi rauni.

Yau muhawarar ta koma kan ganyen kat. Manoma da yawa a kewayen Harar sun rage gahawa sun shuka shi, domin ana tsinkarsa sau da dama a shekara. Ana taunarsa har a zaman zikiri, da hujjar da sufayen Yaman suka bayar. Saudiyya ta hana shi, malaman Yaman da Habasha sun rabu. Ƙiyasinsa da gahawa bai cika ba, saboda masu sukarsa ba kan maye kaɗai suka dogara ba: suna lissafa kuɗin cefanen da yake cinyewa da sallolin da ke wucewa mai tauna na zaune.