Tawakkali da Sauya Faifan Ajiya

Tsarin RAID, wanda masanan Jami'ar Berkeley suka bayyana a 1988, yana rarraba bayanai a kan faifan ajiya da yawa, ta yadda idan ɗaya ya lalace, sauran za su sake gina abin da ke cikinsa a sabon faifai. Amma a matakin RAID 5, mutuwar faifai na biyu kafin ginin ya kammala takan salwantar da bayanan. Saboda haka wanda ya jinkirta sauya faifai mai alamun mutuwa da sunan dogaro ga Allah ya jahilci tawakkali, domin ma'anarsa ita ce miƙa sakamako ga Allah bayan riƙo da sababi, kuma bayanan jama'a amana ce a wuyansa.