Haƙuri Ne, Ko Ɓoyo?

Karatu: Markus 5:25-34

Tun kina ƙarama aka koya miki abubuwa biyu masu daraja, wato kunya da haƙuri. An ce miki mace ta gari ba ta yawan kuka da ciwo, ba ta kuma buɗe jikinta ga baƙo. Wannan tarbiyya ta riƙe gidaje da yawa. Amma akwai ranar da kunya da haƙuri sukan tsaya tsakanin mace da ranta, kuma a kan wannan rana nake so mu yi tunani tare. In mace ta ji ƙullutu a nononta ta yi shiru don kada ta tayar wa iyalinta hankali, haƙuri ta yi, ko kuwa ɓoyo ne ya ari rigar haƙuri?

Kada ki yi saurin amsawa. Ki sa a ranki wata mace a Kutemeshi, cikin ƙasar Birnin Gwari. Tana wanka da asuba, sai yatsanta ya taɓa wani abu mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa. Ba ya mata zafi. Ta san asibitin da ke da ƙwararru a kan wannan ciwo yana Shika, kusa da Zariya, ko kuma Kaduna. Ta san shekarun da 'yan bindiga suka mai da hanyoyin dajin nan abin tsoro, har mutum ya bar gida bai san ko zai kwana a inda ya nufa ba. Ta san abin da ya rage a rumbu, ta san kuɗin makarantar yara. Sai ta ɗaura zaninta ta ce a ranta, bari in bar wa Allah. Wanda ya kira wannan mace jahila bai yi mata adalci ba. Lissafi ta yi, ta sa 'ya'yanta a gaba, ta sa kanta a baya. A cikin shirunta akwai ƙauna.

Duk da haka lissafin yana da kuskure, domin ciwon ba ya jiran mai shi. Sankarar nono takan fara ne daga wasu ƙwayoyin halitta na hanyoyin ruwan nono da suka shiga hayayyafa ba tsari. Tun tana wuri ɗaya ana iya cire ta. In aka bar ta, sai ta bi ta kaluluwar hammata, daga nan ta kai huhu ko hanta ko ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano ciwon a jikin mata miliyan 2.3, kuma ya kashe mutum 670,000. A ƙasashe masu arziki, sama da mata 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar da gano shi. A Afirka ta Kudu adadin ya sauko zuwa wajen 40. Ciwon iri ɗaya ne. Babban bambancin shi ne lokacin da aka gano shi da kuma samun magani. Saboda haka kuɗin da matar Kutemeshi take gudun kashewa yau, ninkinsa za a kashe gobe, wataƙila kuma a kashe shi a kan gadon da ba za ta tashi ba. 'Ya'yan da ta yi shiru dominsu su ne za su rasa uwa.

To, mene ne haƙuri na gaskiya? Haƙuri shi ne jure abin da ba ka da ikon sāke shi, ba tare da zuciyarka ta yi ɗaci ga Allah ba. Jure abin da Allah ya riga ya buɗe ƙofar maganinsa kuwa, sunansa dabam. Dubi matar da muka karanta labarinta. Shekara goma sha biyu tana fama da zubar jini, ciwon da ya sa ake ƙyamarta. Ta nemi magani har dukiyarta ta ƙare. Da ta ji labarin Yesu, ta kutsa cikin taro ta taɓa rigarsa a ɓoye, ta warke. Amma Ubangiji bai bar ta ta sulale ba. Ya tsaya ya nemi wadda ta taɓa shi, har ta fito tana rawar jiki ta faɗi dukan gaskiya a gaban mutane. Bai yi haka don ya kunyata ta ba. Ya raba ta ne da kunyar da ta ɗaure ta shekara goma sha biyu, ya kuma kira ta 'yarsa. Fitowarta neman taimako ita ce ya yaba, ya kira ta bangaskiya.

Wani zai ce zuwa asibiti alamar raunin bangaskiya ne. Ka tuna da Sarki Hezekiya. Ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ƙara masa shekara goma sha biyar, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Alkawarin Allah da magani suka tafi tare. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara, likita ne. Manomin Birnin Gwari yana roƙon ruwan sama, amma bai taɓa rataye fartanyarsa ya ce addu'a ta isa ba.

Akwai kuma wata magana da ta kashe mata da yawa a ƙasar Hausa, cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙar likita ko allura ta taɓa shi sai ya bazu. Ga inda maganar ta samo asali. Mace takan zauna a gida tana shafe-shafe da shan jiƙo har nonon ya fashe, sa'an nan a kai ta asibiti. In ta rasu bayan aiki, sai a ce wuƙa ce ta kashe ta, alhali jinkiri ne. Ɗan naman da likita yake tsakurowa da allura don a auna shi ne kaɗai yake tabbatar da ko sankara ce. Yawancin ƙullutun nono ma ba sankara ba ne. Amma yatsa ba ya iya bambancewa, addu'a kuma ba a ba mu ita don ta maye gurbin gwaji ba.

Saboda haka ki san jikinki. Sau ɗaya a wata, bayan al'ada ta ɗauke, ki duba ki kuma lalluba har cikin hammata. In kin ji ƙullutu ko da ba zafi, ko fatar ta lotsa ta zama kamar ɓawon lemo, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ki je asibiti cikin makon nan. In kunyar namiji ce ta hana ki, ki nemi ma'aikaciyar jinya mace, ki tafi da 'yar'uwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada kuma ki ce zunubi ne ya jawo miki. Kimanin rabin matan da ciwon ya kama ba a samun wani dalili a tare da su in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru.

Yanzu gare ka, ɗan'uwana. In muka ce shirun matar nan kuskure ne, tilas mu tambaya wa ya koya mata shi. Mace da yawa ba mutuwa take tsoro ba, tsoronta shi ne a cire mata nono mijinta ya juya mata baya. Alkawarin da ka yi a gaban ikkilisiya bai ware ranar ciwo ba. Kai ne za ka fara ce mata, tashi mu tafi. Magani yana da tsawo. Akwai tiyata, akwai ƙarin ruwan magani da ke zubar da gashi ya kawo amai, akwai gashi da na'ura, wasu kuma za su sha ƙwaya shekara biyar ko fiye. Mata da yawa suna yankewa a tsakiya saboda kuɗi ya ƙare ko ba mai raka su, maganin da aka yanke kuwa yakan ba ciwon damar dawowa.

Nan ne nauyin ya sauka a kan ikkilisiya. Ba daidai ba ne mu ce wa matalauciya ta fito da ciwonta, sa'an nan mu bar ta da shi a hannu. Zumuntar mata tana iya gayyato ma'aikaciyar jinya ta koyar da duba nono, ta kuma buɗe ƙofa ga maƙwabtanmu Musulmi, gama ciwon ba ya tambayar addini. Dattawa suna iya ware baiko don kuɗin mota da gwaji. Ikkilisiyoyin Zariya da Kaduna suna iya ba masu jinya daga ƙauye masauki. Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa marasa galihu masu ciwon daji, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin waɗanda aka fara da su. Wanda ya iya karatu ya raka wadda ba ta iya ba ya tambaya. Ko wadda ciwonta ya wuce warkewa tana da hakki a kanmu: a wanke mata miki, a nema mata maganin rage zafi, a zauna kusa da ita ba tare da toshe hanci ba.

Haƙurin da Allah yake nema a wurinki, 'yar'uwa, yana gaba: haƙurin doguwar hanya, da layin asibiti, da watannin magani. Wannan ki ɗauka, mu kuma mu ɗauka tare da ke. Shirun kuwa ki ajiye shi yau.

Addu'a: Ya Uba, ka ba wadda take ɓoye ciwonta ƙarfin zuciyar faɗa. Ka ba mazaje aminci, ka ba likitoci da masu jinya hikima da tausayi, ka tsare matafiya a hanyoyin Birnin Gwari. Ka sa mu zama hannuwan da za su tallafi mara lafiya. A cikin sunan Yesu, Amin.