Sadaka Ce ko Hakki?

A shagunan kafintoci da teloli, a ofisoshi, har da makarantun Ikilisiya, akwai ma'aikatan da Allah ya tsara ƙwaƙwalwarsu dabam da ta yawancinmu. Wani yana da galahanga: doguwar gaisuwa tana yi masa wuya, ƙarar janareta tana gigita shi, amma idan ya auna katako ba ya kuskure. Wata kuwa haruffa ne suke rikice mata a takarda, alhali abin da ta ji sau ɗaya ba ta mantawa. Mukan kira su dolaye ko marasa ladabi, har mu ce aljanu ne suka taɓa su. Sa'an nan mu rage musu lada, muna cewa ai taimakonsu muke yi.

To, abin da ke wuyanmu game da su, sadaka ce ko hakki?

A shekarar 1981, cikin wasiƙarsa Laborem Exercens, Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar da mu cewa an yi aiki domin mutum ne, kuma buɗe ƙofar aiki ga masu cikakken ƙarfi kaɗai mummunar wariya ce. A Nijeriya ma, dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta nemi hukumomin gwamnati su ba masu buƙata ta musamman aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

Mai shago zai ce shi riba ya fito nema. Gaskiyarsa ce, ba mu ce a biya wanda bai yi aiki ba. Amma me ake nema a wurinsa? Ya ba da umurni ɗaya bayan ɗaya, ya matsar da bencin yaron nesa da janareta, ya sanar da shi kafin a sauya tsari, ya tsawata wa masu yi masa ba'a, ya biya shi daidai da aikinsa. Wanne ne a cikin waɗannan zai karya jari?

Sa'ad da Musa ya kawo kukan nauyin baki, Ubangiji bai sallame shi ba. Ya haɗa shi da Haruna, aikin kuma ya tafi. Mai ba da sadaka yakan jira godiya, amma mai riƙe da hakkin wani bashi ne a kansa, za a kuwa tambaye shi. Ubangiji ya ba mu alherin sauke wannan nauyi. Amin.