Makullin da Ba Ya Hannun Mai Mota

A shekarar 2015, wasu masana kwamfuta biyu a Amurka, Charlie Miller da Chris Valasek, sun kutsa cikin wata mota ƙirar Jeep Cherokee ta intanet, suka tsayar da ita tana tsakiyar gudu a babban titi. Dole kamfanin Fiat Chrysler ya gyara motoci miliyan 1.4. A watan Fabrairun 2015 ɗin kuma, bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa, dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur a jihar Diffa. 'Yan kabu-kabu suka zauna, buhunan tattasai na bakin Komadugu suka rasa mai kai su kasuwa. Duk da zafinsa, wannan hani an san wanda ya kafa shi, ana iya kai masa kuka. Wanda ya kashe mota daga wata ƙasa kuwa, wa zai gurfanar da shi?

A nan fiƙihu yake da ta cewa. A mazhabar Malikiyya, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a hajarsa, in ya ɓoye, mai saye yana da damar mayarwa. A ganina, ƙofar da baƙo zai iya bi ya kama birki ko ya san inda mota ta kwana aibi ce, kamar fasasshen inji, har ta fi, domin bakanike ba zai gano ta da ido ko da kunne ba. Kamfanin da ya riƙe ikon kashe abin da ya riga ya sayar, amanar ran direba ya ɗauka.

Za a ce irin waɗannan motoci ba su iso Diffa ba, kuma na'urar bin sawu tana dawo da abin da aka sace, tana sa a ba talaka babur bashi ba tare da jingina ba. Gaskiya ne, kuma sharaɗin da aka faɗa wa mutum ƙarara ya amince da shi ba ha'inci ba ne. Sai dai motocinmu suna isowa bayan sun tsufa, wasu kamfani ya daina toshe ɓarakar manhajarsu. Kuma a hanyar sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage, kimanin kilomita 40 daga Diffa, bayanin lokacin da motar kayan agaji ko ta marar lafiya za ta wuce ya ishi mai kwanton ɓauna. Dillalin da ya karɓi la'ada bai faɗi wannan aibin ba yana da kaso a alhakin.