Ƙusa ko Kambun Baka?

Akwai wata tambaya wadda a ido ƙarama ce, amma ta cancanci a yi mata duban tsanaki: in mutum ya sayi mota sabuwa dal, ko ledar kujeru bai cire ba, sai taya ta yi faci a kwana na uku, laifin wane ne? Wanda ya iya sayen mota ba zai gaza ladan mai faci ba, saboda haka zancen kuɗi ba shi ne damuwarmu a nan ba. Abin dubawa shi ne abin da kan tsiro a zuciyar mai motar bayan an mayar da taya.

Bari mu fara da tayar kanta. Tun 1888, lokacin da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi mazaunin Belfast, ya naɗa wa keken ɗansa roba mai iska a ciki, ɗan Adam ya shiga wani ciniki da bai fita ba har yau. Ya sami taushin tafiya da sauri, ya kuma yarda iska ta ɗauki nauyinsa, ita kuwa iska kullum ƙofar fita take nema. Shekara uku kacal bayan haka, watau 1891, 'yan'uwan nan Michelin na Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a liƙe a mayar, domin sun ga wahalar da faci ke ba masu keke. Ashe ke nan tare aka haifi taya da faci. Ƙusa kuma ba ta duba takardar sayen mota kafin ta shiga.

To, me ya sa mai sabuwar mota ba ya gamsuwa da wannan bayani? Da a tsohuwar tokumbo ƙusar ta shiga, da ya ciro jak da sifana, ya ɗaura safaya, ya mance. Amma tun da sabuwa ce, sai ya shiga lissafin waɗanda suka gan ta. Ga maƙwabcin da ya riƙe baki ya ce "kai, wannan mota!" bai ƙara da tubarkalla ba. Ga ƙanin uba da ya shafa ta ya daɗe yana shafawa. Ga abokin aikin da ko kallonta bai yi ba. Kafin magariba an yanke hukunci: kambun baka ne, kuma an san mai bakin.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin jahilci kurum, domin akwai tunani a ƙarƙashinsa. E. E. Evans-Pritchard, a littafin da ya wallafa a 1937 kan al'ummar Azande ta ƙasar da a yau ake kira Sudan ta Kudu, ya kawo misalin rumbun da ya rufta kan mutanen da ke shan inuwarsa. Mutanen sun sani sarai gara ce ta ci ƙafafun rumbun, sun kuma san zafin rana ne ya kai 'yan'uwansu ƙarƙashinsa. Abin da gara ba ta amsa musu ba shi ne, don me ya faɗi daidai lokacin da wane ke zaune? Wannan gurbi suke cikewa da maita. Haka mai motarmu yake. Mai faci ya zaro ƙusa ya aza masa a tafin hannu, ya gani, bai musa ba. Tambayarsa ita ce, don me ni, don me yau? Zai ce ruwa ba ya tsami banza.

A ganina tambayar halas ce, amsar ce ke da zalunci. Malamai sun tabbatar da cewa kambun baka gaskiya ne, ba na jayayya da wannan. Sai dai yarda da samuwar abu daban, kama wane da laifinsa daban. Mun yarda akwai sata a duniya, amma alƙali ba ya ɗaure mutum don kawai an gan shi ya gitta ta ƙofar gidan da aka yi wa sata. Dubi kuma halin da wanda ake zargi ya shiga: in ya yaba motar, baki ya yi mata, in ya yi shiru, hassada ce ta hana shi magana, in ya zo jaje, ya zo ganin aikinsa, in bai zo ba, kunya ta kama shi. Tuhumar da ba ta bar wa mutum kafar wanke kansa ko ɗaya ba, ba shari'a ba ce. Ga shi ba a ma gaya masa ana tuhumarsa, sai dai ya ga gaisuwa ta yi sanyi, an daina aiko masa da tuwon salla. Ba banza ba Suratul Hujurati ta ja kunnen muminai game da yawan zato.

Akwai kuma wata 'yar girman kai a ɓoye cikin zargin, wadda mai motar ba ya gani. Ya ɗauka unguwa duka ta kwana da motarsa a rai, alhali maƙwabcin nan kuɗin makarantar 'ya'yansa ne ya hana shi barci. Imani da ƙaddara, in an riƙe shi yadda ya kamata, shi ke rufe wannan ƙofa, domin wanda ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa ya amsa "don me yau" ba tare da ya shafa wa kowa kashin kaji ba.

Abin mamaki, mai hannu a lamarin na haƙiƙa ba a ko nemansa. Ƙusa ba ta tsirowa daga kwalta. Wani ne ya ɓalle akwatin katako a bakin hanya, ko magini ya watsar da katakon dakali da ƙusoshinsa, ya tafi abinsa bai san ya cuci kowa ba. Ba abin mamaki ba ne ma a ce daga rumfar da Alhaji ya sa kafinta ya kafa wa sabuwar motar ƙusar ta fito. Hadisi ya ƙidaya gusar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, amma mu nawa ne ke sunkuyawa mu ɗauke ƙusa? Na san akwai 'yan fashin da kan dasa ƙusoshi a manyan hanyoyi da gangan, wannan kuwa mugunta ce mai shaida, maganinta kada a tsaya a wurin da ba jama'a.

Yayin da mai mota ke can yana auna zukatan mutane, alhakin da ke wuyansa yana gabansa a kwance. Hujin da ke kan matakin taya, wanda faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, yana ɗaukar faci. Wanda ke gefenta, inda roba ke lanƙwasa a kowane juyi, ba ya ɗauka, ko an liƙe yana iya fashewa ana cikin gudu. Siririyar safayar da wasu sababbin motoci ke zuwa da ita ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, aka koma dogaro da tayar waje, tsadarta kuwa kan sa mutum ya ce a liƙe kawai. A kan wannan taya zai ɗauki iyalinsa daga Ibadan zuwa Kano hutun salla. Wani lokaci mai facin da ya raina ne zai juya tayar, ya girgiza kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta faci ba ce, sai an sake," ya kuwa san da faɗin haka ya rasa ladan aikinsa na wannan rana.