Halwa da Haƙƙin Jama'a

Halwa, wato keɓewa daga mutane na ɗan lokaci domin zikiri da tunani, tsohuwar tarbiyya ce a wurin malaman Ƙadiriyya na Sakkwato, inda mai shigarta yake taƙaita ci da barci da magana har ya bambance buƙata daga sabo. Sai dai Musulunci bai yarda keɓewa ta dawwama ba, shi ya sa mai i'itikafi a Masallacin Shehu yake naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa da zarar an ga watan Sallah. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa, bayan ya damƙa wa ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello ragamar mulki, bai yanke karantarwa ba har rasuwarsa a 1817, domin amfanin kaɗaici shi ne gyara zama da jama'a.