Wa Ke Bin Wani Bashi, Gwamnati Ko Ɗalibin Kiwon Lafiya?

Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata ta biyo ta makarantarmu don ta gaishe ni. Shekara uku ke nan da barinta hannunmu, yanzu tana karatun aikin jinya a jami'a. Na tambaye ta karatu, ta ce alhamdu lillahi, har ma ta sami rancen nan na gwamnati. Na taya ta murna. Ta yi jim, can sai ta ce, "Malam, amma akwai abin da ke damuna. Ni da abokiyar ɗakina mai karanta tarihi, kuɗin kashewa ɗaya ake ba mu. Ita in an yi hutu gida take komawa ta kama ɗinki, ni kuwa ina asibiti ina juya marasa lafiya. Wannan adalci ne?" Na ce mata ai gwamnati ba ta nuna bambanci, kowa an ba shi daidai. Ta ce, "To, Malam," ta yi mini sallama.

Tun ran nan amsar da na ba ta ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin na san amsar kore yaro ce.

Ga wanda bai bi labarin ba, a shekarar 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar ba ɗalibai rance, aka sake yi mata kwaskwarima a watan Afrilu na 2024, sannan hukumar NELFUND ta fara karɓar takardun masu nema a watan Mayu na shekarar. Hukumar tana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, kuma da aka fara shirin an yanka naira 20,000 a wata ta kashewa. Babu ruwa a kan bashin. Sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashin mutum. A gaskiya wannan abin a yaba ne, kuma ni da idona na ga 'ya'yan talakawan da ba don shi ba da tuni sun tattara littattafansu.

To, amma raba daidai shi ne adalci? Uwa mai hankali ba ta zuba wa ɗan da zai wuni a gona tuwo daidai da na wanda zai wuni a zaure, kuma babu mai cewa ta yi son kai. Ta dubi abin da ke gaban kowannensu ne. Mai karanta tarihi shekara huɗu zai yi. Digirin jinya shekara biyar ne, na likita shida, kuma kowannensu sai ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti kafin ya tafi bautar ƙasa. A jami'o'i da dama kuɗin makarantarsu ya fi na sauran. Ga farar riga, ga abin awon ƙirji, ga littattafai masu ɗan karen tsada, ga kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa ko wani ƙauye da aka tura su. Daɗin daɗawa, hutun da sauran ɗalibai ke neman na rufin asiri a cikinsa, su ba su da shi.

Na san abin da wani zai ce: ai likita zai fanshe in ya kama aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Zan ma ƙara masa hujja: tun da bashin ba ya haihuwa, alhali tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, to nairar da zai mayar bayan shekara goma ba ta kai wadda ya karɓa daraja ba. Wato wajen biya ba a cuce shi ba. Cutar tana can baya, a lokacin karatun. Ɗan mai hali ba ruwansa, ubansa zai cike giɓin. 'Yar mai facin taya ita ce za ta zaɓa tsakanin kuɗin mota da abincin dare, ita ce za ta faɗi jarrabawa saboda yunwa, ko kuma tun farko ta hango ramin ta ce a ba ta wani kwas mai sauƙi. Ita kuwa ce aka fi sa ran za ta yarda ta zauna a ɗakin shan magani na ƙauyensu. Sannan ba kowane ma'aikacin lafiya ne likita ba. Ungozoma da malamin tsafta da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wace fansa suke yi?

Akwai kuma abin da ya fi wannan tsaya mini a rai. Ɗalibar jinya da ke ɗakin marasa lafiya koyo take yi, haka ne, amma aiki ma take yi. Ita ke auna zafin jiki, ta gyara gado, ta wanke miki, ta kwana a tsaye a ɗakin da ma'aikata ba su isa ba. A al'adarmu ko yaron maƙeri da ke zuga zugazugi, maigidansa kan ba shi na abinci, ba ya rubuta masa shi a littafin bashi. Yaya za a yi wadda ke yi wa jama'a hidima kyauta a ce kuɗin motar da ta hau zuwa wurin hidimar rance ne a wuyanta? In aka yi lissafi tsakani da Allah, wa ke bin wani?

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan ruɗani ba. A Ingila, da can gwamnati ke ɗaukar nauyin masu karatun jinya da ungozoma, waɗanda doka ta wajabta musu awa 2,300 na aiki a asibiti kafin su gama. A 2017 aka soke tallafin aka ce su ci bashi kamar kowa. Masu neman shiga suka ragu ƙwarai, musamman manyan da ke da iyali. A 2020 dole gwamnati ta dawo da kyautar fam 5,000 a shekara, wadda ba a biya.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka na goyi bayan a yi ta zuba musu kuɗi ido rufe. Talakan da harajinsa ya karantar da likita yana da haƙƙi shi ma. Sanin kowa ne likitocinmu da ma'aikatan jinya na ta kwarara zuwa Ingila da Saudiyya da Amurka, alhali Nijeriya na cikin ƙasashen da mata suka fi mutuwa wajen haihuwa a duniya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wannan ne ya sa a 2023 ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson ya kawo ƙudurin a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Na fahimci zafin zuciyarsa, amma ban yarda da shi ba. Ƙudurin ya yi wa kowa kuɗin goro, da wanda ya ci kuɗin jama'a da wanda bai ci ba, kuma likitan da aka ɗaure da igiya ba shi nake so ya riƙe mini wuƙa ba.

Abin da na ga ya fi kusa da adalci shi ne alkawari da aka ƙulla da yardar juna. Kuɗin kashewa na shekarun da ɗalibi ke aiki a asibiti a ƙara shi, kuma a ɗauke shi ladan aiki, a cire shi daga bashi. Ragowar bashin kuwa, duk shekarar da mutum ya yi yana aiki a asibitin gwamnati a yafe masa wani kaso, na ƙauye a yafe masa fiye da na birni. Wanda ya zaɓi ketare hazo ba a tare masa hanya ba, amma ya biya duka, kuma da darajar kuɗin ranar da zai biya. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin gwamnatocin wasu jihohin Arewa sun daɗe suna ɗaukar nauyin ɗaliban likita bisa sharaɗin su dawo su yi wa jiha aiki.

Wani abokin aikina da na karanta wa wannan ya ce, "Mu malamai fa? Mu ba hidima muke yi ba?" Na yi dariya, don ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na ce masa hujjar ta shafe mu, kuma ranar da za a yi tamu ina sahun gaba. Sai dai in na yi fashin aji, gobe zan rama darasin. Macen da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauyen da babu ungozoma ba ta da gobe irin tawa.

Ƙanen yarinyar nan yana ajina. Na ba shi saƙo ya gaya mata in ta sami sarari ta sake biyowa, akwai maganar da ban ƙarasa ba. Ya ce an tura su wani asibitin karkara, sai bayan mako shida.